Rijiyar Alhaji Burgu

An yi wani gari na dabbobi ana ce masa Kwarin Ɗorawa. Rafi ne ya ratsa shi ta tsakiya, ya raba shi unguwa biyu, Gabas da Yamma. Mazauna garin ba su da sana'ar da ta wuce noman gyaɗa. Su Kurege, su Zomo, su Ɓera, har Kwaɗo da ke bakin rafi, kowa da 'yar gonarsa.

A garin akwai masu matsar man gyaɗa guda biyu.

A Gabas akwai Burgu, mai ƙaton tumbi da doguwar wutsiya. Shi halinsa, in ya ga abu a hannun wani ba ya samun sukuni sai abin ya koma rumbunsa. Bai taɓa zuwa ko'ina ba, amma ya ce a riƙa kiransa Alhaji, kuma aka riƙa kira, don shi kaɗai ke sayen gyaɗa a unguwar.

A Yamma kuwa akwai Bushiya, 'yar mitsitsiya, mai tafiya kamar ba ta son isa. Bakinta ya fi ƙayarta tsini, amma hannunta a sake yake. Yara da manya Inna suke ce mata.

Burgu yana da ɗan kanzagi, Hankaka, wanda ba shi da aiki sai zama a kan katanga yana kirari. Ko atishawa Burgu ya yi, sai Hankaka ya ce bai taɓa jin mai daɗinta ba.

Da kaka ta yi, lokacin da kowa ke neman abin biyan buƙata, sai Burgu ya buɗe ƙofa ya fito da mudunsa mai zurfi kamar turmi. Ya saye gyaɗar Gabas kaf a wulaƙance, har da wadda aka ware don iri. Abin da ya samu kuwa ba ya zuwa ko'ina sai katangar kamfaninsa. Kowace shekara sai ya ƙara mata tsawo.

Wata rana da rani, rafi ya ƙafe, Kwaɗo ya ja wasu daga cikin manoman Gabas suka je wurinsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Kwaɗo, "ƙishirwa ta dame mu. Matanmu sai sun je bayan dutse suke samo ruwa. Ga hanyar unguwa ma zaizaya ta cinye ta. Muka ce tunda gyaɗarmu ce ke juya injinka, ko za ka taimaka mana da rijiya."

Burgu ya dube shi sama da ƙasa.

"Gyaɗarku? Wadda na saya? Tun ranar da ta shiga buhuna ta daina sanin ku. Ni kamfani na buɗe, ba gidan sadaka ba."

"Gaskiya ne, Yallaɓai!" in ji Hankaka daga kan katanga. "Dubi bakinsa! Ko rijiya goma aka haƙa masa, shi kaɗai zai shanye."

Kwaɗo ya kumbura don fushi. Suka juya, aka rufe ƙofa tun ba su gama fita ba, har ta kusa datse wutsiyar Ɓera.

Can Yamma kuwa, Bushiya wani abu dabam take yi. Ɗan abin da ta samu a shekarar, maimakon ta gyara rumfarta da ke yoyo, sai ta sa aka haƙa rijiya a tsakiyar unguwa, mai zurfi, har sai da aka tarar da ruwa mai sanyi. Da damina ta matso, ta buɗe rumbunta ta raba wa manoma iri. Ta ɗebi samarin unguwa marasa aikin yi ta koya musu soya gyaɗa da niƙa da matsa da toya ƙuli-ƙuli. Ta kuma sa aka jera itatuwa a kan rafi aka yi gada.

Labari ya kai wa Burgu. Ya yi dariya har tumbinsa yana rawa, ya ce wannan abin kallo ba zai wuce shi ba. Ya ɗauki sanda, Hankaka na biye, suka tsallaka ta kan gadar Bushiya.

Ya same ta a ƙarƙashin rumfarta, ta tara ƙwarya inda ruwa ke ɗiga.

"Sannu, uwar marayu!" in ji shi. "An ce kin rabar da rumbunki. Na zo in ga inda za ki zauna ki yi bara, in riƙa aiko miki da ƙanzo."

"Sannu da zuwa, Alhaji," in ji Bushiya. "Ta ina ka biyo? Na ga ƙafarka ba ta jiƙe ba."

Burgu ya yi kamar bai ji ba.

"Ke dai ba ki san kasuwa ba. Waɗannan da kike ba iri, me suka rattaba miki? Wa ya ce ke za su sayar wa?"

"Ba wanda ya ce. Gonarsu ce, gyaɗarsu ce."

"To ribarki fa?"

"Alhaji, injina ba ya niƙa tsakuwa. In ba su shuka ba, me zan matse? In suna yini neman ruwa, yaushe za su yi noma? Ni a cikinsu nake. In sun rame, na rame."

"Ji wani wa'azi!" in ji Hankaka. "Yallaɓai, mu tafi kada talauci ya shafe mu."

Suka tafi suna ƙyaƙyata dariya.

A shekarar farko kam, sai da dariyar Burgu ta yi kamar za ta tabbata. Da kaka ta zo, Kurege, wanda ya fi kowa kwasar iri a wurin Bushiya, ya loda gyaɗarsa ya bi ta gadarta ya kai wa Burgu, saboda Burgu ya yi masa alkawarin hula. Wasu ma suka bi sahunsa. Bushiya ta samu gyaɗa kaɗan, rumfarta ta ci gaba da yoyo, samarin da ke mata aiki suka fara gunaguni.

Abin ya yi mata zafi. Ta dunƙule a bayan turmi, ƙayoyinta a tsaye, ta yini ba ta kula kowa ba.

Da damina ta sake matsowa, sai ga Kurege a ƙofarta, da hularsa da ta riga ta koɗe, yana sosa ƙeya.

"Inna, ina kwana."

"Lafiya. Me ya kawo ka? Alhajinka ya ƙare?"

"Inna, wallahi har irin ya saye. Na koma ya ba ni ko tafi ɗaya in shuka, ya ce bai san ni ba."

"To ka shuka hular mana. Wataƙila ta tsiro."

Kurege ya sunkuyar da kai. Samarin suka ce a kore shi. Bushiya ta yi masa tatas, ta kira shi marar kunya, ta kira shi mai ɗan guntun tunani, ba abin da ta rage. Da ta gaji, ta shiga rumbu ta ɗebo iri ta zuba masa a ƙwarya.

"Ungo. Ba don kyan halinka ba. Gonarka ce ba na son in ga ciyawa ta cinye."

Kurege ya karɓa hannu biyu, ya fita ba ya iya ɗaga ido. A wannan kakar, shi ya fara kawo mata gyaɗa, kuma shi ya riƙa bi gida-gida yana ba da labarin abin da hula ta ja masa.

Daga nan al'amura suka fara juyawa. Yamma ta yi kore shar. Da yake ruwa na kusa, har noman rani suka fara. Samarin da Bushiya ta koya wa aiki suka ƙware, man da suke matsewa ya fito garau, ƙamshinsa na kaiwa bakin rafi. Ta ƙara injin niƙa, ta gyara rumfa, ta ƙara ɗaukar ma'aikata, dukansu 'yan unguwa.

A Gabas kuwa, gonaki suka fara zama fili, don ba iri. Yau a ga Zomo ya ɗaure kayansa ya tsallaka gada da iyalinsa, gobe a ga Ɓera ya bi shi. Burgu bai ma lura ba. Katangarsa ta yi tsawon da ba ya ganin waje.

Abin da ya ta da shi shi ne ranar kasuwa, da ya ji masu saye suna cewa, "Na Inna muke so. In babu na Inna, a bar shi."

Ya dawo gida yana huci.

"Kai Hankaka! Me wannan 'yar ƙayar ta fi ni da shi? Injina ya fi nata, katangata ta fi tata, ni kaina na yi biyar ɗinta!"

Hankaka ya karkata kai.

"Yallaɓai, na gano sirrin. Suna ne kawai. An ce ta haƙa rijiya, shi ke nan kowa na yabonta. Kai ma haƙa taka, a yi biki, a kafa allo, duniya ta ji."

"Rijiya? Ka san abin da rijiya ke ci kafin a kai ga ruwa?"

"Wa ya ce sai an kai ga ruwa? Ranar biki wa ke auna zurfi? Allon dai ya zama babba."

Idanun Burgu suka yi haske. Ya ce tun da yake bai taɓa jin shawara mai ma'ana irin wannan ba.

Aka haƙa rami a ƙofar kamfani, zurfinsa bai kai gwiwar akuya ba. Aka ɗaure bakinsa da siminti, aka shafa farar ƙasa. Aka kafa allo wanda ya fi rijiyar girma nesa ba kusa ba, aka zana Burgu a jiki yana murmushi, aka rubuta: RIJIYAR ALHAJI BURGU, UBAN TALAKAWA. Da safiyar biki, aka sayo ruwa tulu-tulu daga bayan dutse aka juye a ciki har ya kawo baki.

Aka buga ganga, sauran 'yan Gabas suka taru da gugansu da tulunansu. Burgu ya sha babbar riga ya hau kan turmi ya yi jawabi. Ya ce shi tun yana yaro ba ya iya cin abinci in maƙwabcinsa na jin ƙishirwa. Ya ce kamfaninsa da unguwa abu ɗaya ne. Har ya share ido da bakin riga.

Hankaka ya yi shela: "A matsayinsa na wanda ya fara kawo kuka, Kwaɗo ne zai fara ɗanɗana ruwan!"

Kwaɗo ya ji daɗi. Ya ce ai shi ba a guga yake sha ba. Ya ja da baya, ya yi tsalle, ya faɗa da ka.

Ƙum!

Can sai ga Kwaɗo ya miƙe tsaye a tsakiyar rijiya, ya dafe goshi, taɓo ya rufe masa ido ɗaya.

"Alhaji," in ji shi, "ƙafata na ƙasa, kaina na waje. Wannan rijiya ce ko kwanon wanka?"

Yara suka fashe da dariya, manya suka taya su.

"Kai, rufe mana baki!" in ji Hankaka. "Rijiyar zamani ce! Ba ta wahalar da mai ɗiba!"

Burgu ya sauko daga kan turmi da sauri, ya ce biki ya tashi. Ya ce sabuwar rijiya sai ta huta, kada a gajiyar da ita. Aka kawo murfi aka rufe, aka sa kwaɗon ƙarfe, ya jefa mabuɗin a aljihu. Jama'a suka koma da tulunansu yadda suka zo da su. Washegari Kwaɗo ya kwashe 'ya'yansa, da ƙulu a goshi, ya tsallaka Yamma.

Ba a daɗe ba sai labari ya bazu cewa Madugu Raƙumi yana tafe. Raƙumi babban falke ne, ayarinsa na kai kaya garuruwa masu nisa. Yana neman kamfanin matsar gyaɗa guda wanda zai riƙa ba shi mai duk shekara. Duk wanda ya samu wannan ciniki, ya haye.

Burgu ya aika Hankaka ya tare shi tun daga nesa, ya karkato da shi ta Gabas.

Tun a hanya abin ya fara lalacewa. Zaizaya ta mai da hanyar unguwa kwazazzabo. Raƙumi ya zame ya durƙusa, ya tashi, ya sake zamewa. Kafin ya iso ƙofar kamfani gwiwoyinsa duk sun kuje.

"Maraba da Madugu!" in ji Burgu, yana ta washe haƙora. "An sha hanya!"

"An sha rami dai," in ji Raƙumi. "Ba a gyara hanya a garin nan?"

"Ai laifin 'yan unguwa ne, malalata ne."

Raƙumi ya ɗaga kai ya ga allo. Ya karanta a hankali.

"Madalla. Uban talakawa. Dama ƙishirwa nake ji. A buɗe mini."

Burgu ya yi maza ya tare gaban rijiyar. Ya ce Madugu ya shiga ya huta tukuna. Raƙumi ya ce shi sai ya sha. Burgu ya tsaya yana lalube a aljihu, yana ja masa zance, ma'aikatansa kuwa suka zagaya ta bayan allo da tuluna, aka ɗaga murfi aka juye abin da ya samu.

Raƙumi ya miƙa dogon wuyansa, ya shirya zura shi ƙasa sosai. Bai kai ko'ina ba leɓensa ya taɓa ruwa. Ya ja sau ɗaya. Sai ƙara ta tashi, fuuut, irin ta ƙwaryar da aka shanye. Ya ɗago kai da taɓo a hanci.

Ya dubi ramin. Ya dubi allon. Ya dubi Burgu.

"Ina sauran?"

"Madugu, ai... rani ne."

"Na sha rijiyoyi a cikin hamada," in ji Raƙumi, "ban taɓa shanye guda ba sai yau."

Burgu ya yi ta rantse-rantse, ya ce a bar zancen ruwa, a zo a ga injin. Raƙumi bai motsa ba. Tsawonsa ya sa yana hango abin da Burgu bai taɓa hangowa ba. Ya ga gonakin Gabas, ciyawa har wuya. Ya ga gidaje ba ƙofa, ba hayaƙi.

"Alhaji, ni ba man bana kaɗai nake nema ba. Ina son na baɗi, da na baɗin baɗaɗa. Wa zai noma maka gyaɗar?"

"Manomana mana!"

"Suna ina?"

Burgu ya juya zai nuna. Ya nuna dama, ba kowa. Ya nuna hagu, ba kowa. Hannunsa ya tsaya a sama.

Raƙumi ya juya wuyansa wajen Yamma. Can ya hango kore, ya hango hayaƙin suya, ya ji ƙarar inji da hayaniyar yara. Bai ko yi sallama ba, ya kama hanyar gada.

Ya tarar da Bushiya tana duba tunkuza. Ya sha ruwa a rijiyar unguwa har ya ƙoshi, guga na zuwa guga na komawa. Sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi.

"Madugu," in ji Bushiya, "gaskiya bana ba zan iya cika maka duka ba. Sai dai rabi."

Kafin Raƙumi ya amsa, Kurege ya yi caraf: "Inna, karɓi duka! Mu za mu ƙara gonaki."

"Ni ma na share sabuwa a bakin rafi," in ji Kwaɗo.

Zomo ya ce 'ya'yansa sun isa riƙe fartanya. Ɓera ya ce nasa sun fi na Zomo yawa. Nan take gardama ta kaure a kan wanda zai fi kawo gyaɗa.

Raƙumi ya yi murmushi. "Hajiya, ba ke kaɗai na samu ba ashe, unguwa guda na samu. Ciniki ya faɗa."

Da yamma Hankaka ya sauka a kan rumfar Bushiya, ya gyara murya ya fara: "Inna uwar gari! Inna mai..."

"Dakata," in ji Bushiya. "Nan ba a biyan baki. In aiki kake so, ga gonaki can. Je ka tsare su daga 'yan'uwanka."

Hankaka ya duba Gabas, ya duba kaskon ƙuli-ƙuli, ya tashi ya nufi gona.

Burgu kuwa ya kwana biyu a cikin katangarsa, inji a kashe, ba mai kirari. Daga ƙarshe ya ce to, tunda iri suke so, zai ba su iri, ya ga ƙarshen tsiya. Ya buɗe ƙofa da kansa, ya ɗauki tsohon gwangwani yana bugawa, yana bin unguwa yana shela:

"Jama'ar Gabas! Alhaji zai raba iri! Kyauta! Ku fito!"

Ya bi lungu-lungu har muryarsa ta dushe. Ba wanda ya fito. Sai a kan wani rusasshen bango ya tarar da Ƙadangare yana shan hantsi.

"Kai! Kana son iri?"

Ƙadangare ya gyaɗa kai.

"Kana da gona?"

Ƙadangare ya gyaɗa kai.

"Ko dai ba ka da ita?"

Ƙadangare ya gyaɗa kai.

Burgu ya yi tsaki, amma da yake shi kaɗai ya samu, ya ce ya biyo shi. Ya je babban rumbun da ya shekara da shekaru yana tara irin mutane a ciki, ya ɓalle ƙofar. Sai ƙura ta bulbulo ta rufe shi tun daga kai har wutsiya. Ƙwari sun daɗe da gama aikinsu. Ba ƙwayar gyaɗa ko ɗaya, sai gari da ɓawo.

Ƙadangare ya leƙa, ya ga ƙwari suna ta gudu, ya shige ya ci ya ƙoshi. Shi kaɗai ne ɗan Gabas da ya taɓa cin arzikin Alhaji Burgu.

Darasin wannan labari shi ne, kamfani ko ƙungiya ba ta girma ita kaɗai a tsakiyar unguwar da ke ramewa. Masu noma mata, masu yi mata aiki, da masu sayen kayanta, duk a ƙofarta suke, kuma abin da ta zuba musu shi ne zai dawo mata da ƙari, ko da ya ɗan jinkirta. Wanda kuma ya ƙi yin alherin ya tsaya ga allo da ganga, ya sani jama'a ba allo suke sha ba. Za su zo biki sau ɗaya, su ga zurfin abin, su kwashe kayansu su bar shi da katangarsa.